Daga Minjirya Zuwa Hular Maganaɗisu: Tarihin Neman Maganin Waswasi

Masu karanta littattafaina sun saba in zo musu da labarin soyayya ko rikicin kishiyoyi, to yau kam sai a yi mini afuwa, domin tarihi na ɗauko, kuma wani bashi ne da ya daɗe a wuyana nake son in rage.

A cikin ɗaya daga littattafaina na farko, wanda ya shiga kasuwa a 2003, akwai wani mutum da na saka don ban dariya kawai. Shi ne wanda kullum yana bakin masallaci da buta, a kira salla yana wanke hannu, a tayar da iƙama yana wanke hannu, liman ya sallame shi ko shafar kai bai kai ba. Masu karatu sun ji daɗinsa ƙwarai, har wasiƙu na samu ana roƙon in dawo da shi a littafi na biyu, na kuwa dawo da shi. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, mutumin nan ba ƙirƙirarsa na yi ba. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar da littafin ya faɗa hannunsa bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Auta, ashe kai ma dariya nake ba ka?" Yau shekara ashirin da 'yan kai, maganar ba ta bar kunnena ba.

Yaya ma'aikacin lantarki ne, kuma cikin unguwannin masana'antun nan uku na Kano babu inda bai taɓa ɗaukar albashi ba. Bompai ce babbarsu, tun kafin samun 'yancin kai aka fara kafa kamfanoni a cikinta, sannan Sharaɗa da Challawa suka bunƙasa a zamanin kuɗin man fetur. A Bompai ya fara a 1985, yana yaron wani mai gyaran wuta a kamfanin alewa, daga nan ya koma wani kamfanin robobi a Sharaɗa. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne naɗin koyil. Idan inji ya ƙone, sai ya buɗe cikinsa, ya zare ƙonanniyar waya, ya ƙirga zagaye nawa aka yi mata tun asali, ya rubuta a bango da alli, sannan ya ɗauko sabuwar wayar tagulla ya mayar daidai, ba ƙari ba ragi. Ina ɗan shekara goma nake kai masa abinci ran Asabar, in hau tsohon durom in zauna ina kallo. Wata rana ya naɗa waya a jikin ƙusa, ya jona ta da batirin tocila, sai ga ƙusa tana tsintar allurai. Ya ce da ni, "Ka gani ko? Wuta in ta zagaya sai ta haifi maganaɗisu, shi kuma maganaɗisu in ya motsa sai ya haifi wuta. Duk ƙugin nan da kake ji a Sharaɗa, wannan ne kawai." Mai karatu ya riƙe mini wannan magana, za mu dawo kanta.

Jarrabawar ta fara ne bayan ya koma wani kamfanin jima a Challawa a 1994. Wanda ya taɓa bin hanyar Panshekara ya san warin wurin tun kafin ya iso. Fatu da ƙiraga ne ake shigo da su mota-mota, an barbaɗe su da gishiri, daga mayanka da kasuwannin ƙauye har da na ƙetaren iyaka, a jiƙa su, a cire gashi, a zuba cikin manyan ganguna masu juyawa. Injinan da ke juya gangunan nan su ne aikin Yaya, ƙasa kuwa ko'ina ruwa ne. Ana nan sai ya ji a wajen karatun Magariba cewa a mashahurin zancen mazhabarmu ta Malikiyya jima ba ta tsarkake fatar mushe, illa dai an yi rangwame a yi amfani da ita a busasshen abu da kuma ruwa. Sauran almajirai suka ji suka wuce. Shi kuwa sai tambaya ta tsaya masa a rai kamar ƙayar kifi: cikin dubban fatun nan, wacce aka yanka, wacce ce mushe? Ruwan da ya fallatso masa a ƙafar wando, daga wacce ya fito?

Da farko kaya biyu yake tafiya da su, na aiki da na salla, abin da duk mai hankali zai yaba. Sai suka zama uku, saboda hannun da ya cire na aiki shi ne ya taɓa na salla. Sai wankin hannu da omo, sau bakwai, sau goma sha huɗu, har lokacin hunturu bayan hannunsa ya riƙa tsagewa yana jini, jinin kuma ya zama wata sabuwar najasar da za a wanke. Abokan aiki suka laƙaba masa Sarkin Buta. Hutun Azahar minti talatin ne, shi sai ya share awa biyu, inji na tsaye ana jiransa. Foman ya yi haƙuri iya haƙuri, a 1997 aka miƙa masa takardar sallama. Ni dai ban ga laifinsu ba.

Daga tsarki abin ya koma kan niyya, ya yi kabbarar harama ya warware, ya sake ya warware, har na kusa da shi a sahu su tsargu. Mafi muni kuwa shi ne waswasin saki. In ya ce da matarsa "je ki," yana nufin ta je ta duba tukunya, sai ya kwana yana juyi, ko dai zuciyarsa ta ƙudurta wani abu lokacin da bakinsa ya furta? Ya bi malamai ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ce masa aure na nan daram, ya dawo da natsuwar da ba ta wuce awa guda. Ƙarshenta da hannunsa ya rubuta mata sakin gaske, wai don ya huta da kokwanto. Baiwar Allah ta tafi da 'ya'ya biyu tana kuka, shi ma yana kuka. Bai kuwa huta ba.

Mu a gida babu abin da ba a yi ba. An sha rubutu, an yi turare, lokacin kuma ruƙiyya ta fara tashe a Kano, aka kira masu yi, aka karanta har muryoyi suka dushe, babu aljanin da ya yi magana. Wani kawunmu ya kawo zancen asibiti, Inna ta ce sam. A Kano in aka ce za a kai mutum Dawanau, kowa ya san ba kasuwar hatsi ake nufi ba. Ta ce, "Ɗana ba mahaukaci ba ne, kuma ina raye ba za a jona masa wuta a ka ba." A rabin farko na maganarta ta yi gaskiya. Mai wannan cuta da hankalinsa garau, shi ya fi kowa sanin abin da yake yi ba shi da kan gado, dainawar ce ta gagare shi. Rabin na biyu kuwa, maganar wuta a ka, shi ne ya sa ni wannan dogon bincike.

Likitocin Turai suna taƙaita sunan cutar da haruffa uku, OCD, wato tunani mai naci da aikin dole da mutum ke maimaitawa don ya kore shi. An ƙiyasta cewa kimanin mutum 2 cikin 100 za su gamu da ita a tsawon rayuwarsu. In aka bi wannan lissafi, masallacin Juma'a mai cin mutum dubu ba zai rasa irin su Yaya ba, sai dai kowa ya iya ɓoye tasa. Kuma ba addini ke kawo ta ba. Wani kwaɗon ƙofa zai ta dubawa, wata kuma murhun gas, wani ƙirga matakala. Ita dai abin da mutum ya fi ƙauna take kamawa, in salla ce salla, in 'ya'ya ne 'ya'ya.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na shiga littattafai shi ne yadda malamanmu na da suka san ta ciki da bai. Abu Zaid al-Balkhi, almajirin al-Kindi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta wani littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus. A ciki ya kasa cututtukan rai gida huɗu: fushi, tsoro, baƙin ciki, sai waswasi. Ya ɗauke shi a matsayin ciwo da ake nema wa magani kamar ciwon jiki, ya ba mai shi shawara kada ya kaɗaita, kada ya zauna ba aikin yi, ya kuma sami amini mai hankali da zai riƙa warware masa munanan tunanin in sun taso. Littafin ya yi ɗaruruwan shekaru a ɗakin ajiya a Istanbul, sai a 2013 Farfesa Malik Badri, mutumin Sudan, ya fitar da fassarar wannan sashe da Ingilishi. Bayansa Ibnul Jauzi na Bagadaza, wanda ya rasu a 1201, ya yi dogon bayani kan masu waswasin tsarki a Talbisu Iblis, Ibnu Ƙudama na Dimashƙa kuma ya ware ɗan littafi sukutum a kansu. Akwai ma labarin da ake kawowa na Shehu Ibnu Aƙil, wanda wani ya zo ya ce masa yakan nutse cikin kogi sau da yawa amma ya fito yana shakkar ko wankansa ya yi. Shehun ya ce masa ya je an ɗauke masa salla, tunda an ɗage alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Gatse ne irin na malamai, don ya girgiza shi.

Amma me ya kai mu Bagadaza, ga Ahalari nan a kowane zaure? Mai littafin, Abdurrahman al-Akhdari, mutumin ƙasar Aljeriya ne na ƙarni na 16, kuma a babin rafkanwa ya ware hukuncin mai waswasi daban: ya watsar da abin daga zuciyarsa, kada ya kawo abin da ya yi shakka a kai, ya yi ba'adi kawai. Risala ta Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ita ma haka ta ce game da wanda shakka ta aure shi, wanda malamai ke kira mustankihi, wato wanda take zo masa kullum ko da sau ɗaya ne. A nan ne wurin ya fi daɗi. A mazhabarmu, in mutum ya yi alwala sannan ya yi kokwanton ko ta karye, to sai ya sake. Wannan ita ce ƙa'ida. Amma Muhtasar ya yi togaciya, ya fitar da mustankihi daga ciki, shi kokwantonsa ba abin lura ba ne. Ka ga malaman nan sun gane cewa akwai mutumin da in aka ce ya sake, to an jefa shi rijiya ne, maganinsa shi ne a hana shi sakewa. Yaya ya haddace ƙa'idar tun yana yaro, togaciyar ce ba a tsaya an nanata masa ba. Kuma ko da wani dattijon malami a cikin birni ya buɗe masa littafi ya nuna masa da yatsa, cewa ya yi, "Allah gafarta Malam, na ji kuma na yarda. Amma in na miƙe daga alwalar nan, ji nake kamar na bar yaro a tsakiyar titi."

Sai a 1966 wani masanin halayyar ɗan Adam a wani asibiti a Landan, Victor Meyer, ya gwada wannan hanya a kan majinyata biyu. Ya sa aka riƙa haɗa su da abin da suke ƙyama da gangan, ma'aikatan jinya kuma na tsaye a kansu dare da rana don kada su maimaita abin da suka saba. Tashin hankalin ya hau, ya hau, da bai sami abin ci ba sai ya fara sauka da kansa. Har gobe wannan ita ce hanya ta farko da likitoci ke bi. Da na karanta sai na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe Bature ma sai da ya biyo ta Ahalari. A shekara ta gaba, 1967, likitoci a Sifaniya suka lura cewa wata ƙwaya mai suna clomipramine tana rage nacin tunani, Amurka ta amince da ita don wannan cuta a 1989, sannan irin su fluoxetine suka biyo baya. Sai dai kusan rabin masu shan ƙwayoyin nan ba sa samun sauƙin da ake so, wasu kuma, kamar yadda Yaya ya gaya wa Malam, ba sa iya jure zaman hana kai. Saboda waɗannan ne aka koma neman wata ƙofa.

A 1987 wani likita a Kalifoniya, Lewis Baxter, ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu cutar da na'urar da ke nuna inda ya fi cin makamashi. Sai ga wani yanki a saman ido da wani can ciki suna aiki fiye da ƙima. Daga baya aka fahimci cewa wata da'ira ce, saƙo ya tashi daga gaban ƙwaƙwalwa ya shiga ciki ya dawo, aikinta ta ce maka "akwai matsala, gyara," in ka gyara ta yi shiru. A wurin mai waswasi ba ta yin shirun. Kamar jiniyar kamfani ce da makunninta ya maƙale, ma'aikata sun fito, an duba ba gobara, ita kuwa tana ta kuka. To yaya za a kai hannu ga makunnin nan? Masu tiyata sun gwada. Tun daga aikin Egas Moniz na Fotugal a 1935 aka riƙa yanke wasu jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa, abin da ya nakasa mutane da dama, sannan a 1999 likitoci a Beljiyam suka fara dasa siririyar waya can ciki. Amma wa zai miƙa kansa a huda saboda alwala? Abin nema shi ne a taɓa ƙwaƙwalwa ba tare da an fasa ƙoƙon kai ba.

Nan ne minjirya ta shigo. Duk yaron da ya taɓa lalube a kogi ya damƙo ta, ba ya buƙatar a yi masa darasin lantarki. Kifin nan mai santsi, marar ƙaya a baya, yana iya sakin wuta da ta kai bolt 300 da ɗoriya, ta fi ta soket ɗin ɗakinka. Mutanen da sun san irin wannan kifi, sun kuma yi magani da shi. Wajen shekara ta 47 Miladiyya wani likitan Rum mai suna Scribonius Largus, a zamanin Sarki Kalaudiyas, ya rubuta cewa mai ciwon kai mai tsanani a ɗora masa wani kifin teku mai wuta, da ransa, a inda ke ciwon har wurin ya yi sanyi. Wato dai jona wa mutum wuta a ka ya girmi injin wuta da kusan shekara 1,800.

Wadda Inna take tsoro kuwa, a birnin Rum aka fara ta a watan Afrilu 1938. Likitoci biyu, Ugo Cerletti da Lucio Bini, su suka fara ratsa wuta ta kan majinyaci don ta tayar masa da jijjiga irin ta farfaɗiya, bayan Cerletti ya ga yadda ake sumar da aladu da wuta a mayanka ba su mutu ba. Hanyar ta bazu a duniya, ta iso Nijeriya, inda tun 1907 ake da gidan masu taɓin hankali a Yaba, har zuwa asibitin Aro na Abekuta inda Dokta Adeoye Lambo ya kama aiki a 1954. A farkon zamani ido biyu ake yi wa mutum, ana danne shi, daga nan labarin ya samo munin da ya iso har kunnen tsofaffinmu. Yanzu sai an sa mutum barci an kuma saki jijiyoyinsa da allura, kuma ta ceci rayukan masu matsanancin ciwon damuwa da yawa. Amma ita ba maganin waswasi ba ce. Matsalarta ita ce ƙashin kai ba ya barin wuta ta wuce da sauƙi, sai an tura da yawa, in ta shiga kuma ta watsu ko'ina.

To mai karatu, dawo da maganar ƙusa da batir. Abin da Yaya ya nuna mini a Sharaɗa, rabinsa na biyu Michael Faraday ne ya gano shi a Landan a 1831: maganaɗisu mai sauyawa yana haifar da wuta a duk abin da ke iya ɗaukar wuta a kusa da shi, ko da ba su taɓa juna ba. Da wannan taransifoma ke aiki, da shi janareta ke aiki. Shi maganaɗisu kuma ƙashi ba ya tare shi. A 1896 wani Bafaranshe, d'Arsonval, ya sa kai cikin ƙaton koyil, ya ce ya ga walƙiya a idonsa jiri kuma ya ɗebe shi. Aka yi kusan shekara casa'in ana jiran kayan aikin da za su iya sakin wuta mai yawa cikin ƙiftawar ido. Sai a 1985, shekarar da Yaya ya fara riƙe filaya a Bompai, Anthony Barker da abokan aikinsa a Sheffield ta Ingila suka ɗora koyil a kan mutum, daidai yankin da ke sarrafa hannu, suka danna, sai ga hannun ya motsa da kansa. Mutumin na zaune ido biyu, ba ciwo, ba suma. Wannan ita ce TMS, wato zaburar da ƙwaƙwalwa da maganaɗisu ta bayan ƙoƙon kai.

A 1997, shekarar da aka sallami Yaya, Dokta Benjamin Greenberg ya fara gwada ta a kan masu waswasi 12 a Amurka. Hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta amince da ita don ciwon damuwa a 2008, amma na waswasi sai da aka ƙara shekara goma, domin wurin da ake son taɓawa yana da ɗan zurfi, a tsakiyar gaban kai, koyil na yau da kullum kuwa bai wuce santimita biyu yake kaiwa ba. Wani kamfani a Isra'ila mai suna BrainsWay ya ƙera koyil mai lanƙwasa da aka shimfiɗa cikin hula irin hular kwanon masu babur, wanda ke kaiwa ciki kaɗan. A watan Agusta 2018 aka ba shi izini, bisa wani gwaji da aka yi a cibiyoyi 11 a Amurka da Kanada da Isra'ila, kan mutum 99 da magani bai wadatar da su ba. Aka raba su biyu, wasu hular gaske, wasu hular bogi mai ƙara iri ɗaya, ba wanda ya san tasa. Zama 29 cikin mako shida, kowane zama kamar minti ashirin. Sakamako: kashi 38 cikin 100 na masu hular gaske sun sami sauƙi, na bogi kashi 11.

Mu 'yan kasuwa ne, bari mu yi lissafi tsakani da Allah. Cikin mutum goma, huɗu sun ji dama, shida ba su ji ba. Kuma sauƙin da ake nufi shi ne ma'aunin tsananin cutar ya ragu da aƙalla kashi 30 cikin 100, ba wai ta tafi ba. Shi ya sa a 2020 hukumar da ke tantance hanyoyin magani a Ingila ta ce ba ta ga wani babban haɗari ba, amma hujjar amfaninta ga waswasi ba ta isa ba tukuna, a tsaya da ita a fagen bincike. Illar da aka fi gani ciwon kai ne, ga ƙara kamar ana ƙwanƙwasa kwano har sai an toshe kunne, jefi-jefi ƙwarai takan tayar da farfaɗiya, kuma ba a yi wa mai ƙarfe a cikin kai. A ganina duk da haka ba abin rainawa ba ne. Wanda ya ga mutum ya rasa aiki da mata saboda buta, ya san kashi 30 ɗin nan na iya zama bambancin samun jam'i da rasa shi. Akwai kuma wata ƙanwarta mai araha da aka farfaɗo da ita a Jamus a 2000, inda ake manna soso biyu masu ruwan gishiri a ka, a ratsa 'yar wuta ta batir mai rauni ƙwarai. Ita hujjarta a kan waswasi ta fi rauni, kuma ina faɗar ta ne da fargaba, a garin da ake tallar maganin cuta arba'in a bayan mota da lasifika. Ranar da wani ya zo maka da batir da soso, ka ce ka gode.

Wani abu guda a gwajin nan shi ya fi tsaya mini. Kafin a kunna hular, sai likita ya tsokano wa majinyaci waswasinsa da gangan, da abin da aka san yana tayar masa da hankali, a kuma hana shi yin abin da ya saba, don da'irar nan ta kasance tana tsakiyar kuka lokacin da maganaɗisu zai same ta. In da Yaya ne, ɗanyen ƙirgi za a goga masa a wando a ɗauke buta. Wato duk tsadar na'urar, sai da ta nemi taimakon hukuncin mustankihi.

Na'urar tana da tsada, tana son wuta tsayayya, tana son ƙwararre, tana kuma son mutum ya zo kwana biyar a mako har mako shida. Mu kuwa ƙarancin wutar nan, tare da karyewar Naira tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da kwararowar kayan waje, shi ya mayar da kamfanoni da yawa a Bompai da Sharaɗa da Challawa kufai ko rumbun ajiye kaya. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, dokar mahaukata ta 1958 kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan wadda ta maye gurbinta. Abin da ke kusa da hannun talakan Kano shi ne ganin likita a sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano ko a Dawanau, da ƙwaya, da zaman koyon hana kai.

Su ɗin ne kuwa suka taimaki Yaya. A 2007, bayan rasuwar Inna, Allah Ya jiƙanta, na lallaɓa shi muka je wurin wani likita. Ya ɗora shi kan ƙwaya, ya ce kada ya sa ran komai kafin wata biyu zuwa uku, ya kuma tambaye shi abin da malaminsa ya ce. Da ya ji, sai ya ce to shi ma umarninsa ke nan: buta ɗaya, in ta ƙare an gama. Watannin farko ni nake riƙe butar, yana gumi yana roƙona, "Auta, don Allah ɗan ƙara mini na ƙafar hagu," ina cewa, "Yaya, ka yi haƙuri, Malam ya hana, likita ya hana." Ba zan ce ya warke ba, in ya sami damuwa abin yakan leƙo. Amma ya sake aure, ya buɗe ɗan shago a bakin Sharaɗa yana naɗa fanka da injin ban ruwa da janareta.

Kwanakin baya na je shagon da yamma na nuna masa hoton cikin hular nan a wayata, na ba shi labarin Barker da Faraday. Ya sa tabarau, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana bin wayoyin da kallo. Ya ce, "Wannan ai naɗi ne. Amma waya mai kauri haka, wutar da ke bi ta ciki ba kaɗan ba ce, dole yana zafi. Da me suke sanyaya shi?" Na ce da iska mai sanyi. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Zagaye nawa ne?" Kafin in ba shi amsa aka kira Magariba a masallacin bakin titi. Ya miƙo mini wayar, ya janyo butarsa daga ƙarƙashin benci, ya girgiza ta ya ji ruwan ya kai rabi, ya ce in ja masa ƙofar shagon.